Tramol a Garwa, giya a Liyon: abin da ɗakin gaggawa yake gani

Ina aikin jinya a sashen gaggawa na wani asibiti a Liyon, ƙasar Faransa, kuma duk daren Asabar sai na tuna da Garwa, garin haihuwata a arewacin Kamaru. A nan Liyon giya ce take cika mana gadaje. Mutum ɗaya da aka kwaso a buge yana iya riƙe gado da ma'aikaciyar jinya har wayewar gari, domin dole a riƙa duba numfashinsa kada ya shaƙe da amansa, alhali wata tsohuwa da ta karye a ƙugu tana jira a baranda. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai.

A gida kuwa tramol ne. Ƙwayar da likita yake rubutawa yawanci miligiram 50 ce, amma ta bayan fage tana kaiwa 225, kuma masu haya da babur da 'yan dako da manoma suna haɗiyarta domin su jure wahala. Yawanta ya kai har a 2013 masana suka same ta a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru suka ɗauka itacen ne yake samar da ita, sai a 2014 wani bincike ya danganta ta da fitsarin mutane da na shanun da ake ɗura wa ƙwayar. Idan ta yi yawa a jiki tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wanda ta kama a kan babur kuwa asibiti zai zo da karaya da fasasshen kai, sau da yawa tare da fasinjansa.

A littafin asibiti za a rubuta haɗarin babur. 'Yan uwa za su ce iska ce ta buge shi, saboda kunya, sannan su shiga neman kuɗin ƙarin ruwa da zaren ɗinki da safar hannu. Na ga haka da idona lokacin da aka kai ɗan yayata: an ɗinke shi, an sallame shi, ba wanda ya tambaye shi abin da ya sha, bayan wata huɗu kuma aka sake kwaso shi.

A asibitocin Faransa da yawa akwai ayarin masu kula da shaye-shaye, waɗanda suke zuwa gadon mutum idan ya farfaɗo, su zanta da shi ba tare da tsangwama ba, su haɗa shi da cibiyar da za ta ci gaba da duba shi kyauta. Tun watan Maris na 2025 ma ba a ba da tramol sai da takardar likita ta musamman. Ban ce Garwa ko Marwa za su iya ɗaukar nauyin duk wannan ba, domin na san ƙarancin likitocinmu. Amma tambaya ba ta cin ko dala, kuma yawancin samarin nan ba sa haɗuwa da likita sai ranar da aka kwaso su. Ina roƙon 'yan uwana ma'aikatan jinya su tambayi duk matashin da aka kawo da jijjiga ko haɗarin babur abin da ya sha, bayan an fitar da dangi daga ɗakin, su kuma rubuta amsar a littafi.