Wai shi injiniya, ya kusa kayar mana da gidan kaka

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Gidan kakanmu a cikin birnin Kano, wanda ya gina da kuɗin fataucin goron Gwanja, ya haura shekara ɗari a tsaye. Soro uku kake wucewa kafin ka ga tsakar gida. Zauren farko ɗaurin guga ne, wato rufinsa kamar ƙubba, ga zankwaye a saman katanga, ga rijiya da tsohon durumi a ciki. A damina ɗaya wani mai kiran kansa injiniya ya kusa kai shi ƙasa.

Mu muka kira shi, wannan laifinmu ne. Bangon gabas, inda ruwa ke duka, ya fara zaizayewa, muna so a yi yaɓe. Ya zo da takalmi sau ciki, ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya ce, "Alhaji, wa yake makuba yanzu? Siminti za mu watsa, ka huta har jikokinka." Baffanmu ya ce, "Yaro, ƙasa ba ta shiri da siminti." Ya yi dariya.

To, ginin ƙasa numfashi yake yi. Makuba, da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, tana sa ruwa ya zame, danshin ciki kuma ya fita. Siminti kuwa da rana ta gasa shi sai ya tsage, ruwa ya bi tsagar, ya rasa mafita, tubali ya zama kunu a ɓoye. Bai tsaya nan ba, ya cire indararo biyu wai sun tsufa, ya maƙala siririn bututun roba da ganyen durumi ya toshe cikin mako guda.

Daren wata Juma'a a watan Agusta muka ji rugugi. Rabin bangon ya zube, azara uku na reto, zanen dagin da ke saman ƙofa ya koma taɓo.

Gidan Makama tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, ƙarni na 15. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, yana nan. Da me aka yi su in ba ƙasa da azara ba?

Na kira injiniyan ya fi sau ashirin. Da ya ɗaga, cewa ya yi ruwan bana ne ya yi yawa, sai haƙuri. Haƙuri! Kuɗinmu kuwa ko sisi.

Da ƙyar muka samo wani tsohon magini. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce sai ruwa ya ɗauke, kuma 'ya'yansa duk adaidaita sahu suke ja, shi kaɗai zai yi. Zauren dai yana lulluɓe da tamfol.