Ku bar yarinyar nan ta kwance fitilar

Makon jiya na je Tudun Wada, nan Gusau, gaida yayata, na tarar ana yi wa ɗiyarta faɗa. Shekararta 13. Laifinta kawai ta kwance fitilar caji da ta daina kamawa, ta baje kayan cikinta bisa tabarma, tana warware ƙusoshin da tsinin wuƙa don ba ta da sukundireba. Uwar na ta cewa, "Ke wai wane irin karambani ne wannan? Ɗiya mace da kwance-kwance sai ka ce bakanike!" Na ce, "Yaya, don Allah ki ƙyale ta mu gani." Kafin la'asar ta gano wata siririyar jar waya da ta tsinke daga jikin batir, ta maƙala ta, fitila ta kawo wuta.

Da ƙanenta ne ya yi haka, wallahi da tuni an soma kiransa Injiniya. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Hali ɗaya, a wurin namiji baiwa, a wurin mace rawar kai.

Kuma mu mata mu ke kwana ciki. Duk wadda wayarta ta taɓa lalacewa ta san abin da nake nufi. A ciki akwai hotunanki ba mayafi, na biki, na suna, da hirarki da maigida. Mai gyara ya ce ki bar ta sai gobe, ki kuma ba shi lambar buɗewa. Da yawansu masu amana ne, ban musa ba, amma ranar ba ki barci da daɗi. Na san matan da suka gwammace su jefa waya a durowa da su miƙa ta. To me zai hana a ce a kowace unguwa akwai mace mai canza sikirin da bakin caji a ɗakinta, da 'yar mitarta da dalmarta, kamar yadda muke da masu ɗinki da masu kitso? Ko ƙofar gida ba sai ta fita ba.

Ga kuma JAMB. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, amma har yau akwai 'yan matan da sai an kusa jarrabawa suke fara ɗora yatsa a kan madannai. Ta san amsa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. A gidaje da yawa in kwamfuta ɗaya ce, ta ɗakin samari ce.

Masu cewa wannan fagen maza ne, su duba asalinsa. Ada Lovelace, 'yar Ingila, tun 1843 ta rubuta jerin umarnin da za a bai wa injin lissafi, injin ma ba a ƙera shi ba. Da aka haɗa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, a Amurka a 1945, mata shida ne suka tsara mata aiki, suna jona wayoyi da hannu. Margaret Hamilton ce ta jagoranci rubuta manhajar kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Mu kuma jikokin Nana Asma'u ne, wadda ta tura jajojinta ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A garin nan muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da aka kafa domin mata, ga jami'ar tarayya tun 2013.

Na san tsoron iyaye, ni ma uwa ce. Bayan sace ɗalibai mata da aka yi a makarantar Jangebe a 2021, ba wanda zai ga laifin mai ɗari-ɗari da tura ɗiya nesa. Akwai kuma fargabar abin da waya ke jawowa. Sai dai yarinyar da ke wuni kallon bidiyo daban, wadda ke son sanin abin da ke cikin na'urar daban. Wannan ta biyun ita ce gobe za ta nuna wa uwarta saƙon 'yan damfara kafin a kwashe mata kuɗi.

Jiya na sai wa ɗiyar tamu ƙaramin akwatin sukundireba, na haɗa mata da tsohuwar wayata da ta mutu. Yaya ta amince, da sharaɗin sai an gama wanke-wanke. In akwai mace a Gusau da ke gyaran waya kuma za ta karɓi mai koyo ranar Asabar da Lahadi, don Allah a sanar da ni, ni zan riƙa kai ta da kaina.