Jan Fenti a Kan Zunubi

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

"Kuma a cikin kawunanku, shin ba kwa gani?" Haka Allah Ya tambaye mu a Suratuz Zariyat, aya ta 21. To ga ɗaya daga cikin abubuwan da ke jikinmu ba mu gani.

Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da masu kwashe mata shara. Idan furotin, wato sinadarin da ke yi wa ƙwayar aiki, ya lalace, ko aikinsa ya ƙare, sai a liƙa masa wata 'yar alama mai suna yubikwitin, kamar jan fentin nan da ake shafa wa ginin da rusau zai ci. Da ya samu alamar, sai a tura shi wani injin niƙa, furotiyazom, ya daddatsa shi. Gano wannan ne ya sa Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose suka ci kyautar Nobel a 2004. Su ganowa kawai suka yi, aikin kuwa tun daga Annabi Adamu yake gudana. Subhanallah!

Magunguna da yawa riƙe hannun furotin mai cutarwa kawai suke yi. Muddin maganin na cikin jini furotin ɗin ya yi lamo, da maganin ya fita sai ya koma ɓarnarsa. A 2001 Craig Crews da Raymond Deshaies da abokan aikinsu a Amurka suka fito da wata dabara, PROTAC: magani mai hannu biyu, ɗaya ya cafko mai laifin, ɗaya ya jawo mai shafa fentin. A shafa, a niƙe, shi kuma maganin ya saki ya nemi na gaba. A 2019 aka shiga gwada irinsa a kan masu ciwon daji, har da sankarar mama.

Da na karanta labarin wannan magani, tubanmu ne ya faɗo mini a rai. Nawa ne cikinmu riƙe hannun zunubi kawai muke yi? Azumi ya zo mu danne shi, a ga watan Shawwal mu sake shi. Lambar nan tana waya ba a goge ba. Kuɗin marayan nan yana cikin jari, ana ta istigfari da carbi. Alhali abin da aka ce mana a Suratut Tahrim, aya ta 8, shi ne "taubatan nasuha", malamai kuma sun fayyace: ka bari, ka yi nadama, ka ƙudurta ba komawa, in da haƙƙin wani ka mayar masa.

Ba da ku kaɗai nake ba. Akwai wani zauren WhatsApp da muke cin naman mutane a ciki. Azumin bara na kashe masa ƙara, ina ganin na yi jihadi. Ranar sallah da la'asar, ko babbar riga ban cire ba, na buɗe shi na bi duk abin da ya wuce ni. Sai bayan layya na iya ficewa. Har yanzu akwai mutum biyu da ban je neman afuwarsu ba, ɗayan ma sahu ɗaya muke tsayawa da asuba.