Wayar nan dai wa ya saya wa yaron?

Duk sanda wani bidiyon rashin ɗa'a ya yi yawo a TikTok, abin da za ka fara ji a majalisa da gidajen rediyo shi ne gwamnati ta rufe, Hisbah ta kama, hukumar tace fina-finai ta sa baki. Ni ma raina na ɓaci wallahi, uba ne ni. Amma akwai tambayar da muke ta kauce mata, wayar da ke hannun yaron nan ɗan shekara goma wa ya saya mishi, kuma wa ke sa mata data duk sati?

Rufewa ai mun gwada ta. A watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani rubutu na shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, wata bakwai kenan, kuma kafin kace kwabo matasa sun koyi VPN, manhajar da ake zagaye rufewar da ita, sun ci gaba da harkarsu, mu manya ne ma muka tsaya muna tambayar yadda ake yi. Sannan ka duba dalilin rufewar, ba don tarbiyyar ɗan kowa aka yi ba fa. Nan ne tsorona yake. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, an yi ta kama 'yan jarida da masu sukar shugabanni da shi har sai da kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka zo aka yi mishi gyara a 2024. In ka miƙa wa mai mulki sanda da sunan kare yara, kada ka yi mamaki in ka ga mai sukarsa ya fara sha.

Ba cewa nake gwamnati ta naɗe hannu ba. Tana da aikinta, kuma Ostiraliya ta nuna inda ya kamata a kama. Sun yi doka a Nuwamban 2024, ta fara aiki 10 ga Disamban 2025, wanda bai kai shekara 16 ba ba zai riƙe akawun a irin su TikTok, Instagram, Snapchat da Facebook ba, kuma tarar da za ta iya kaiwa dalar Ostiraliya miliyan 49.5 a kan kamfani take, ba a taɓa yaro ko iyayensa. Wannan na yarda da shi, don waɗannan manhajojin da gangan aka tsara su su riƙe ido, ka gama bidiyo ɗaya wani ya faɗo, uwa a Kurna ko Tudun Wada ba za ta iya kokawa da injiniyoyin kamfani ita kaɗai ba. Mu ma ai a 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, tarar dalar Amurka miliyan 220 kan bayanan masu amfani, ashe in an so ana iya murɗe musu kunne. To a murɗe, a tilasta musu ɗaukar isassun masu jin Hausa da za su gane batsa in an yi ta da harshenmu.

Sai dai ko gobe aka kwafo dokar Ostiraliya gaba ɗayanta, ba za ta shiga ɗakunanmu ba. Yawancin ƙananan yaranmu ba su da akawun nasu, wayar Mama ce ake miƙa musu don su bar kuka a samu a ɗora girki. Kamfani na ganin mace 'yar shekara 35, mai kallon kuwa ɗan aji uku ne. Wani abin ma ko intanet bai bi ba, a shagon masu tura fina-finai aka zuba shi a memori, ko aboki ya turo ta Xender a bayan aji. Wace hukuma ce za ta tare wannan?

Na san akwai iyayen da wayar ta fi ƙarfinsu, yaron ne ma ke saita musu ita, bana ganin laifinsu. Amma akwai Family Link na Google da Family Pairing na TikTok, kyauta ne, suna ƙayyade lokaci da abin da yaro zai gani, me zai hana malaman Islamiyya da taron iyaye da malamai su ware ko awa ɗaya a koya wa mutane? Muna tara kuɗin walimar sauka, wannan ko sisi ba ya ci.

Ni a gidana daga sallar isha'i duk waya a ɗakina take kwana, kuma ba mai sa lambar sirrin da ni da mahaifiyarsu ba mu sani ba. Satin farko an sha kumbure-kumbure, babbar ta kwana biyu ba ta yi min hira ba, ranar na ukun da kanta ta kawo wayar ta nuna min saƙonnin da wani babban mutum da ba ta sani ba ya daɗe yana turo mata.