Kulle wasiƙa daban, amanar ɗan aike daban

Tun jiya da daddare raina yake a ɓace, kuma na san in ban rubuta ba ba zan huce ba. Waɗanda muka zauna tare a taron matasan fasaha sun san inda na dosa, sauran kuma na tabbata kun ga guntun bidiyon da ake ta turawa, na manhajar da aka ce za ta raba mu da kukan katse sabis. Ana ta tafi, ana ta "Allah ya ƙara basira". Ni ma na ce amin, don yaron da ya kawo manhajar ya yi ƙoƙari. Amma tambaya ɗaya na yi masa, kuma amsar da ya ba ni ce ta hana ni barci.

Wayoyi huɗu ya jera, duk an zare musu layi. Ya ba abokansa uku, suka bazu a cikin zauren, na ƙarshe har bakin ƙofa. Ya rubuta "salamu alaikum" a tasa, saƙon ya bi ta waya ta biyu, ya bi ta ta uku, ya sauka a ta huɗu. Na ɗaga hannu na ce, "Ƙanena, in waya ta uku ta karɓi saƙon ta ƙi miƙawa fa? Ko ta zubar da shi ta ce ta miƙa?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai Yallaɓai, saƙon a kulle yake, ba mai iya karantawa." Aka sake ɓarkewa da tafi. Wani dattijo da ke gefena har da taɓo ni, wai kada in kashe wa yaro gwiwa.

Jama'a, ban tambayi ko za a karanta ba. Na tambayi ko zai isa. Ka liƙe wasiƙarka da kyau, ka ba yaron mota ya kai Gusau, ya wurgar da ita a gadar farko. Gaskiya ne bai karanta ba. To mahaifiyarka ta samu saƙon?

Sabis ɗin da muka saba da shi yana da mai shi. Akwai ƙarfen sabis, akwai kamfani mai lasisi, akwai hukumar sadarwa ta NCC a samansa, in abu ya lalace an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ita wannan sadarwar ta waya-da-waya, wadda masana ke kira MANET, ba ta da uba. Kowace waya ita ce mai aikawa, ita ce mai karɓa, kuma ita ce ɗan aiken maƙwabciyarta, ga shi kowa na tafiya, wanda ke kusa da kai yanzu an jima ya yi gaba. Sojojin Amurka ne suka fara gwada irinta tun 1973, kuma su ba su da ciwon kai sosai a kan wannan tambaya, don duk na'urorin na runduna ɗaya ne, mai ba da umarni ɗaya. Ranar da abin ya fito hannun gama-gari, ranar aka fara tambayar wa zai ɗauki kayan wa, kuma don me.

Kuma kafin mu kai ga mugu, mu fara da mutumin kirki. Batirinsa saura kashi 12, gari babu wuta, shagon caji sai ya taka zuwa bakin kasuwa ya biya. Wayarsa tana ta ɗumi a aljihu saboda tana dakon saƙonnin mutanen da bai taɓa gani ba. Me kuke zato zai yi? Zai kashe, sai lokacin da shi yake son aikawa ya kunna. Wanda ya ɗan iya taɓa manhaja ma zai gyara tasa ta riƙa aika nasa tana watsar da na mutane. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. In mutum goma suka yi wannan lissafin a unguwa ɗaya, sadarwar ta mutu, kuma makullin da ake taƙama da shi yana nan lafiya lau a jikin saƙon da bai je ko'ina ba.

Sai mugun. A tsarin neman hanya irin AODV, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2003, waya kan yi shela ne ta ce wa ya san hanyar zuwa wurin wane, masu hanya su amsa. Maƙaryaciyar waya sai ta yi wuf ta ce ai ni ce hanya mafi kusa kuma mafi sabunta. Kowa ya juyo da kayansa wurinta, ita kuma ta haɗiye. Baƙin rami ake ce wa wannan harin, kuma duk ɗalibin da ya karanta fannin ya san shi. Akwai wanda ya fi shi wayo, mai miƙa tara ya zubar da ɗaya, don kada a gane shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne an shafe shekara fiye da ashirin ana wannan aikin, ba yau aka fara ba. A shekarar 2000 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, cikinsu har da Sergio Marti da Mary Baker, suka fito da dabarar da suka kira Watchdog, wato kare mai gadi. In ka miƙa wa maƙwabciyarka saƙo, sai ka kasa kunne ka ji ko ta miƙa wa na gaba, tunda iska ɗaya kuke sha. In ta cika yin shiru, a rubuta mata, a daina bi ta kanta. A gwajin da suka yi a kwamfuta, inda kashi 40 cikin ɗari na na'urorin ke ha'inci, dabarar ta ƙara yawan saƙon da ke isa da kashi 17 cikin ɗari. Su da kansu suka lissafa inda take da rauni: saƙonni biyu na iya karo a iska ka kasa ji ka zargi mai gaskiya, maha'inciya na iya rage muryarta yadda kai za ka ji amma na gaba ba zai ji ba, biyu kuma na iya haɗa baki. Sannan ga babbar ɓaraka: wadda aka kama ba a hukunta ta, an dai daina ɗora mata kaya, ita kuwa ana ci gaba da kai mata nata. Ashe an saka mata da alheri ke nan.

Shi ya sa a 2002 Sonja Buchegger da Jean-Yves Le Boudec a Suwizalan suka kawo tsarin CONFIDANT, inda wadda aka kama ake ƙin ɗaukar nata saƙon, a kuma aika gargaɗi ga abokai cewa wance ba ta da amana. Nan take wata ƙofar ta buɗe, kuma ita ce ƙofar da ni ta fi ba ni tsoro: ƙazafi. In gargaɗi na iya korar waya daga cikin jama'a, to mugu ba ya buƙatar zubar da saƙo, ya isa ya riƙa ɓata sunan masu gaskiya ɗaya bayan ɗaya har hanya ta rage tasa kaɗai. A shekarar dai, Pietro Michiardi da Refik Molva a Faransa suka ce to a tsarinsu, CORE, labarin alheri kawai za a riƙa yaɗawa, ban da na sharri. Sai miyagu suka samu damar yabon junansu. A 2003 aka fito da OCEAN, shi kuma ya ce gani ya kori ji, kowace waya ta yi hukunci da abin da ta shaida da kanta kawai. Ƙazafi ya ragu, amma sai an cuce ka kafin ka san macuci, kuma kowa sai ya sha nasa.

Daga baya Buchegger da Le Boudec suka dawo da gyaran da har yau nake jinjina masa. Suka ce kowace waya ta riƙe littafi biyu. Ɗaya na yadda wance ke riƙon saƙo, ɗaya na yadda wance ke faɗin gaskiya a kan wasu. In aka kawo maka labarin da ya yi nisa da abin da ka gani da idonka, kada ka ɗauka, kuma ka rage wa mai kawowar daraja. Sannan tsohon tarihi ya riƙa dusashewa, don wadda ta gyaru ta samu hanyar dawowa, wadda kuma ta tara suna mai kyau kada ta fake da shi ta fara ɓarna. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan tunanin. Malaman jarhu da ta'adili ba su tsaya ga cewa mai ruwaya mutumin kirki ne ba, sai sun duba kiyayewarsa, sun gwada ruwayarsa da ta amintattu, sun kuma duba shi kansa mai sukar ko sukarsa abar karɓa ce. Muna da wannan gadon a cikin gidajenmu, amma a taron jiya ba wanda ya ga dacewar a tambayi sarƙar da saƙo zai bi.

Kuma duk wannan gini yana tsaye ne a kan suna. In suna kyauta ne, an gama. A 2002 John Douceur na sashen binciken Microsoft ya yi bayanin harin Sybil, inda na'ura ɗaya ke shigowa da sunaye hamsin, su zama shaidun juna. Wanda aka kora ya goge manhaja ya sake saukewa, ya dawo sabon mutum fes. Ko a adashe uwar adashe ba ta ba baƙuwa kwasar farko, sai ta ga zubinta ko wata ta tsaya mata. Manhajar jiya kuwa, ka rubuta duk sunan da ka ga dama, ka shiga, a ɗora maka saƙon gari.

Wani ya rubuto min da safe cewa manhajojin yanzu ba sa zaɓar hanya ɗaya, watsa saƙon suke ga duk wayar da ke kusa, in wata ta ƙi wata za ta kai. A filin wasa ko cikin zanga-zanga, inda mutane ke kafaɗa da kafaɗa, na yarda. A ƙauye fa, inda Bluetooth da ƙyar yake cin mita 100, kuma waya ɗaya ce tak ke haɗa wannan unguwa da waccan? Sannan in kowa na maimaita duk abin da ya ji, waya ɗaya mai ɓarin shara ta isa ta cinye batirin gari. An sauya wa matsalar riga ne kawai.

Wani kuma ya ce mutanenmu ba haka suke ba. Don Allah a bar wannan zancen. A watan Satumban 2021 aka katse sabis a duk jihar Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane na hawa mota zuwa wani gari don kiran minti biyu. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne 'yan bindiga da infomominsu. To irin wannan wurin ne ake cewa manhajar za ta yi amfani, wurin da maganar infoma ta raba maƙwabci da maƙwabci. A can za ka ce wa mutum ya aika "sun taso ta yamma, ku kwashe yara" ta cikin wayar da bai san ta wa ce ba? A can za ka bar kowa ya shigo da sunan mai gari ya ce hanya lafiya? Kuma a can ɗin ne in ka yi garajen sa maɓallin "wannan maha'inci ne" ba tare da tacewa ba, ka ba mai gaba da wani makami, don mun san abin da zargin infoma ke jawo wa mutum.

Ba a kanmu aka fara ba. Wata manhaja irin wannan mai suna Bridgefy ta yi tashe a zanga-zangar Hong Kong ta 2019, mutane suka rungume ta. A 2020 masu bincike a Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka nuna ana iya shiga rigar wani a yi magana da sunansa, ana iya bin sawun masu amfani da ita, kuma saƙo ɗaya da aka ƙera da mugunta na iya durƙusar da sadarwar. Kamfanin ya koma ya ɗauko makullin da manhajar aika saƙo ta Signal ke amfani da shi, a 2022 aka sake nuna akwai ɓaraka. A 2025 Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fito da irinta mai suna Bitchat, cikin 'yan kwanaki aka nuna ana iya sojan gona a cikinta, har ya sa gargaɗin cewa ba a tantance tsaronta ba tukuna. Masu kuɗi da ƙwararru ke nan. Mu kuma muna tafi saboda sallama ta tsallaka zaure.

Masu cewa na kashe wa yaro gwiwa, ni na fi ku son yaron nan. Na karɓi lambarsa, kuma yau da safe na tura masa abin da zai karanta. Ku da kuka yi masa tafi kun koma gidajenku, shi za a nema ranar da saƙon wani ya ɓace a lokacin da rai ke kansa. Abin da na roƙe shi kaɗan ne: wanda aka aika wa saƙo ya riƙa dawo da shaidar ya karɓa, wadda ba a iya ƙirƙira. Sabon shiga ya fara daga ƙasa, ko wani sananne ya tsaya masa ido da ido. Abin da waya ta gani ya fi abin da aka gaya mata nauyi. Kuma wanda ya yi dakon saƙon mutane a fifita nasa saƙon, don mai kashi 12 ɗin nan ya ga ribar barin wayarsa a kunne.

Malaman jami'a kuma ina da magana da ku. Shekara nawa ɗalibai na kawo aikin kammala karatu a kan baƙin rami, na'ura hamsin a cikin NS-2, manhajar kwaikwayon sadarwa a kwamfuta, zane mai kyau, a ba su maki su tafi, ba wanda ya taɓa riƙe waya biyar ya fita fili? A cikin kwamfuta batir ba ya kumbura, bangon laka ba ya tare sigina, ba wanda ke kashe waya don zai shiga masallaci. Ni dai ina da tsofaffin wayoyin Android guda uku a durowa, ɗaya fuskarta a fashe amma tana aiki. In akwai mai guda biyu ko uku da ba ya amfani da su, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Ranar Asabar bayan la'asar nake so mu fita filin ƙwallon bayan unguwa da yaron, ni zan riƙe waya ta uku, kuma na riga na gaya masa ba zan miƙa komai ba. Mai zuwa ya taho da cajarsa, tawa ɗaya ce.