Tarin da ya ƙi jin magani ba na kemis ba ne

'Yan uwa matasa dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta. Gwaggona da ta rasu bara ko karan sigari ɗaya bata taɓa riƙewa ba, amma kansar huhu ce ajalinta, irin wadda likitoci ke kira adenokasinoma. Ita ce ta fi yawa cikin kansar huhu, kusan kashi 40 cikin 100, kuma ita ta fi kama mata da waɗanda basa shan taba, to kar kaji an ce kansar huhu kace ai ta mashaya ce.

Matsalarta daga gefen huhu take farawa can nesa da manyan hanyoyin iska, sai tayi ta girma shiru. Gwaggo tari ta fara, muka siyo mata sirop a kemis, daga baya aka ce tibi ne aka ɗora ta kan magani wata shida tana sha tana ramewa har zobenta ya dena zama a yatsa, wasu na cewa sammu ne a nemo rubutu, mu kuma duk da bokonmu muka yi shiru, wallahi har yau abin na cina. Ranar da aka yi mata siti sikan, wato hoton da ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, aka ɗebi tsoka aka auna, ciwon ya riga ya kai ƙashin baya.

Likitan ya zaunar dani yace abu na farko da suke dubawa shine matakin da ciwon ya kai. Ƙullutun da bai wuce santimita 3 ba kuma bai taɓa kaluluwa ba ana iya yanke shi a tiyata mutum ya warke. In ya shiga kaluluwar tsakiyar ƙirji aiki ya ƙaru, in ya tsallaka ƙwaƙwalwa, hanta ko ƙashi, ko ruwa mai ɗauke da kansar ya taru a jikin huhu, mataki na 4 kenan. A ƙididdigar Amurka, cikin mutum 100 da aka gano tun ciwon bai fita daga huhu ba sama da 60 suna kai shekara 5 a raye bayan gano ciwon, in ya bazu nesa kuwa kusan 10 ne. Kunga tazarar.

Sai ƙarfin jiki. Wanda ke tashi yayi alwala da kansa ya taka zuwa masallaci yafi jure kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, akan wanda ya kwanta ya rame. Akwai kuma gwajin ƙwayar halittar ciwon, in an samu canjin da ake kira EGFR ko ALK akwai ƙwayoyin haɗiya, irinsu osimertinib na masu EGFR, da ke danne ciwon tsawon lokaci ko ya bazu, saidai tsadarsu ba wasa, amma ku tambaya ayi gwajin.

Ku kuma 'yan shisha da sigari, ko bayan an gano ciwon wanda ya dena yafi wanda ya cigaba daɗewa, balle kai da kake lafiya lau.

In tsohuwarka ko babanka na tari ya wuce sati uku, ko kaki da jini, ko an sha maganin tibi wata biyu ba sauƙi, kai zaka ɗauke su ka koma asibiti ka roƙi likita ya sake hoton ƙirji ya tura ku babban asibiti. Mu sai bayan wata takwas muka yi hakan.