Hoton da ke kan durowar Iya

Shekarata ta huɗu ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a gefen Morecambe, ɗan garin bakin teku da ke arewa maso yammacin Ingila, dab da Lancaster. A ɗakin ƙarshe na saman bene akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin. A zuciyata Iya nake ce mata, domin har yau bakina bai saba da al'adar mutanen nan ta kiran babba da sunansa gatsau ba, ko da ya yi jika da kai. A kan durowarta akwai wani hoto baƙi da fari: 'yan mata sun jeru a bakin wurin ninƙaya, kowacce da rigar wanka da takalmi mai tsini, tana riƙe da kati mai lamba. Ta uku daga hagu ita ce Iya, a gasar Miss Great Britain cikin shekarun 1960. Ba ta ci ba, amma kullum na je goge durowar sai ta ce in yi a hankali.

Ranar Lahadin da ta wuce ɗanta ya zo, ya tarar ina taje mata kai. Ya ɗauki hoton, ya dubi hijabina, ya tambaye ni ƙasarmu. Da na ce Najeriya sai ya yi dariya ya ce, ai ku ne kuka ƙone gari saboda gasar sarauniyar kyau, da a can mahaifiyata ta ɗauki hoton nan da ba a haife ni ba. Ya ajiye hoton, ya duba agogo. Bai cika minti ashirin ba ya tafi.

Na haɗiye maganar, domin ina bakin aiki. Amma ta ƙi wucewa.

Bari in gaya muku yadda garin nan yake, don ku san inda aka yi wannan gasa. Doguwar hanya ce shimfiɗe a bakin ruwa, iska mai sanyi tana kaɗawa rani da damina. Idan ruwa ya janye sai ka hangi laka da yashi iya ganinka, idan ya dawo kuma da gudu yake dawowa. Tsuntsayen teku sun fi shirwa rashin kunya, har a hannunka suke fizgar soyayyen dankali. Akwai farin otel mai lanƙwasa, Midland, da aka buɗe a 1933, da mutum-mutumin wani ɗan barkwanci haifaffen garin da baƙi ke ɗaukar hoto a gefensa. A da ma'aikatan masaƙu daga Bradford da kewayenta nan suke cika jiragen ƙasa su zo hutun bazara. A gefen otel ɗin aka gina wani makeken wurin ninƙaya a 1936, ba rufi, da kujerun 'yan kallo dubbai. A nan aka fara gasar a 1945, shekarar da aka gama yaƙin duniya na biyu, hukumar gari da wata jarida suka haɗa hannu. Sunan Miss Great Britain sai a 1956 ta same shi. Duk bazara ana tankaɗe da rairaya, mako bayan mako, 'yan mata na zagaya ruwa cikin wannan sanyi, alƙalai na zaune da takarda da biro.

Me ya sa hukumar gari za ta shiga irin wannan? Don a cika otel-otel da shaguna. Kasuwa ce, kuma 'ya'yan mutane su ne hajar. Da jirgin sama ya yi araha Turawan suka koma shan rana a Sifaniya, garin ya mutu a tsaye, aka rufe wurin ninƙayar a shekarun 1970 aka rushe shi, gasar ma daga baya ta bar garin. Yau idan ka tsaya a wurin ba abin da zai nuna maka an taɓa tafa wa Iya a nan.

Kuma ba mu muka fara cewa abin bai dace ba. A 1970, a zauren Royal Albert da ke Landan, matan Ingila ne da kansu suka kutsa gasar Miss World suna jifa da ƙullin garin fulawa, suna cewa ba za a jera mata kamar shanu a kara ba. Su an kira su masu fafutuka. Mu idan muka faɗi haka sai a ce duhun kai.

Ba zan kare abin da ya faru a Kaduna ba. Ina garin a Nuwamban 2002, ina 'yar makarantar sakandare, cikin azumi. Na ga hayaƙi, na kwana a ƙarƙashin gado da ƙannena. Bayan rubutun da ya fito a jaridar ThisDay kan gasar Miss World da za a yi a Abuja, wanda ya taɓa darajar Manzon Allah (SAW), an rasa rayuka sama da 200, Musulmi da Kirista, mafi yawansu ba su san ma me ake kira Miss World ba. Aka kwashe 'yan takara daga Abuja aka kai Landan, aka yi bikin a watan Disamba, mu kuma aka bar mu da makoki da garin da ya ƙara rabewa gida biyu. Wannan ciwo namu ne, mu muka san zafinsa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutum ya mayar da shi abin dariya, kuma ya zama shi kaɗai ya sani game da mu.

Da ɗan Iya ya tsaya, da na ba shi labarin Grace Oyelude. Ita ce ta fara cin gasar Miss Nigeria, wadda jaridar Daily Times ta shirya a Legas a 1957, shekara uku kafin 'yancin kai. Ba Bahaushiya ba ce, amma haihuwar Sabon Garin Kano ce, kuma daga Kano ta tafi. Ta samu fam 200. Ba ta zauna tana kallon madubi ba, ta zo Ingilar nan ta karanci aikin jinya, ta koma ta yi wa marasa lafiya hidima a Kaduna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello har ta kai shugabar ma'aikatan jinya. Da na gaya masa kuma a 2021 yarinya 'yar Kano, Shatu Garko, ta ci wannan gasa da hijabinta, aka yi ta ce-ce-ku-ce a gida, wasu na yabo wasu na suka, ba wanda ya ƙone ko tabarma. Ni kaina ba zan so 'yata ta shiga ba. Amma muhawarar tamu ce.

Turawan ma suna da abin yabo, ban musa ba. Iya tana da ɗumi a ɗakinta, maganinta a kan lokaci, likita na zuwa. Tsofaffinmu da yawa ba su da wannan. Sai dai mu ma mun san kyau, mun san yadda ake girmama shi. Wace ce a cikinku ba ta san yadda amarya ke fitowa bayan lalle da dilka da turaren wuta ba? Bambancin shi ne masu yi mata wannan ado gwaggonninta ne da ƙawayenta, ba wanda ya ba ta lamba, kuma su ɗin dai su ne za su zo ranar suna, su zo ranar da ta kwanta ciwo, su zo ranar da haƙoranta suka zube. Dubban da suka tafa wa Iya suna ina?

Kakata ta rasu tana da shekaru kusan na Iya. Ba ta da hoton ƙuruciya ko ɗaya. Amma ban taɓa ganin ɗakinta ba kowa ba. Wannan jika na matsa mata ƙafa, waccan na tsefe mata kai, maƙwabta na shigowa gaisuwa tun da hantsi, ita kuma tana faɗa da kowa a kan goronta. Iya kuwa tun safe take sa in shafa mata jan-baki ranar Lahadi, ta zauna tana fuskantar ƙofa.

Daren ranar na kira Umma. Ta ce ƙafar ce dai ke damunta, ƙanwata ce ke zuwa ta yi mata kitso duk sati biyu, idan ta samu sarari daga wurin aiki. Ta tambaye ni ko bana zan zo da sallah. Na ce mata ina nan ina neman hutu. Bara ma haka na ce. Da muka yi sallama na daɗe zaune da wayar a hannu, ina tuna cewa gobe da ƙarfe bakwai ni ce zan taje kan uwar wani.